Agogon Baba da Zanen Minti Biyu

Shugaba ta hura usur, fensira ashirin suka sauka kan takarda lokaci guda.

Haka dokar take a ƙungiyar zane ta kwalejin nan, inda ba kowa sai masu digiri na biyu da na uku, manyan mutane waɗanda rubutun kundi ya fara sa wa furfura. Duk ranar Alhamis da yamma sai su kwashi allunansu su baje a matattakalar filin wasa, su zana 'yan ƙungiyar gudu suna atisaye. Minti biyu ake ba kowane zane, kuma ba a gogewa. Wanda duk Shugaba ta kama da robar gogewa a aljihu, shi zai share ɗakin ƙungiya har ƙarshen wata.

A minti biyu ba a samun fuska. Kafaɗa ake samu, da ƙafa, da yadda mutum ya ɗauki kansa, shi ke nan usur ya sake ƙara.

Auta tana zaune a mataki na huɗu, wurin zamanta na kullum. Shekararta ashirin da bakwai, digiri na biyu take yi a kan tsirrai, kuma zanen ganye ne ya fara kawo ta ƙungiyar. To amma fa wata takwas ke nan rabon da ganye ya shiga littafinta. Mutum ɗaya take zanawa, kuma ba wanda bai sani ba.

Zalɓe ake ce masa, saboda dogayen ƙafafun nan nasa da wuya kamar an ja. Digiri na uku yake yi a kan ƙasar noma, da safe yana ɗakin gwaji da kwalaben ƙasa, da yamma yana filin nan yana zagaye. Ba kyakkyawa ba ne, gaskiya ɗaya ce. Amma idan ya shiga zagaye na shida, rana ta sunkuya bayan bishiyoyin ƙarshen fili, sai Auta ta ji duniya ta yi tsit. Sai ta ga kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, ita ma matakin da take kai yana ɗagawa da ita a hankali. A irin wannan lokaci takan hango wani ɗan gida mai taga biyu, tukwanen furanni a jere, takalman gudu a bakin ƙofa suna shan iska, da wata 'yar yarinya mai dogayen ƙafafu tana ɓata mata takardu da fensir.

"Ke Auta!" Shugaba ta daka mata tsawa. "Tun ɗazu aka hura. In kin isa gidan auren ki gaishe min da su."

Aka kwashe da dariya. Auta ta yi murmushi ta rufe littafi, amma murmushin bai kai ciki ba. Saura kwana uku Lahadi, kuma ranar Lahadi ta yi wa Mama alkawarin za ta ba da amsa.

Bari in koma da ku baya kaɗan, don ku san inda ciwon yake.

Baban Auta mai gyaran agogo ne, shagonsa a jikin gidansu yake. 'Ya'ya biyu Allah ya ba shi, Yaya da Auta. Yaya ya yi karatu a jami'ar nan, kuma gwanin gudu ne na ji da faɗi. Baba da kansa yake tsaya masa a bakin fili da agogon awon gudu a hannu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a filin nan dai, Yaya ya faɗi a zagaye na tara, bai sake tashi ba. Aka ce zuciya ce. Tun daga ranar Baba bai sake taka ƙofar jami'ar ba, kuma ko a talabijin aka fara nuna masu gudu, tashi yake ya bar ɗakin.

To ga irin gidan da Zalɓe ya tura kawunsa neman aure.

Ranar da kawun ya tafi, Baba ya kira Auta shago. Agogo sun fi arba'in a bango, kowanne da irin bugunsa. Ya cire gilashin aiki daga idonsa ya ajiye a kan tebur.

"Auta, ban taɓa tilasta miki komai ba, ba kuma yau zan fara ba. Amma mai gudu, ban da shi."

"Baba, mutumin kirki ne. Karatunsa ma ya kusa…"

"Ban ce ba shi da kirki ba. Na ba fili ɗa guda. Ba zan zauna ina jiran ranar da za a bugo miki waya ba."

Daga nan ya mayar da gilashinsa, ya sunkuya a kan aikinsa. Ta daɗe a tsaye tana jiran ya ɗago, bai ɗago ba.

Ana cikin haka sai ga Likita. Likitan zuciya ne, shi yake duba hawan jinin Baba shekara uku. Mutum ne mai tsabta da ladabi, idan ya zo gidan har ƙasa yake durƙusawa, kuma bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Aibinsa ɗaya, yana magana da Auta kamar wanda ya riga ya karanta takardar gwajinta ya san sakamako. Ya gabatar da kansa, Baba ya yi farin ciki irin wanda aka daɗe ba a ga ya yi ba. Mutanen Likita za su zo ranar Lahadi jin amsa.

"Ba wanda zai matsa miki," in ji Mama tana sharar hawaye da bakin mayafi. "Amma ki dubi mahaifinki. Rabon da in ji dariyarsa tun Yayanki na raye, sai da maganar nan ta taso. In kika ce a'a, wallahi ban san abin da zai same shi ba."

Auta ta san kanta. Ta san in Lahadi ta zo Baba bai sauko ba, za ta buɗe baki ta ce to, ta koma ɗaki ta yi kukanta.

Da aka tashi daga atisaye, Zalɓe ya hauro matattakalar da tawul a wuya, ya zauna mataki biyu ƙasa da ita kamar yadda ya saba.

"Mai fensir, yau ma kin ƙara min tsawo?"

"Allah ne ya ƙara maka, ni meye nawa?"

Ya yi 'yar dariya, sannan ya zaro wata takarda a ninke daga jakarsa ya miƙa mata. Ta buɗe. Takardar barin ƙungiyar gudu ce, ya sa hannu, kwanan wata kawai ya rage.

"Me ke nan?"

"Abin da kika gani. Ranar Asabar bayan baje kolin zanenku zan ba koci. In gudu ne matsalar Baba, na bari."

"Ba ka isa ba!" Muryarta ta tsinke. "Saura wata biyu gasar jami'o'i. Shekara nawa kana jiranta?"

"Huɗu. Ke kuma tun kafin in san ki nake jiran ki."

Hawaye suka zubo mata. Ta juya kai don kada 'yan ƙungiya da ke naɗe kaya su gani.

"Ni ba na so ka zo min da rabin kanka. Wata rana za ka ga ana gudu ka tuna ni na hana ka."

"To ya kike so in yi, Auta? In tsaya ina zagaya fili har mai farar riga ya ɗauke ki a mota?" Ya sauke numfashi. "Bar maganar. Kawo littafin nan in gani. Wata takwas ana zana ni, ban taɓa ganin kaina ba. Ai ya kamata in zaɓi wanda za a rataya."

Ba ta taɓa ba shi ba, kunya take ji. Yau dai zuciyarta ta yi laushi, ta miƙa masa.

Ya buɗe shafin farko yana murmushi. Ya buɗe na biyu, na uku, na goma. Murmushin ya fara ja da baya. Ya koma farko ya sake bi a hankali, yana ɗora yatsa a kan kowane zane.

"Auta, wa kike zanawa?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Dubi nan. Dubi nan ma. Duk inda kika buɗe, mutumin nan ya juya kansa dama, yana kallon bakin fili. Ni ban taɓa juya kai ina gudu ba. Da na yi sau ɗaya, da koci ya cinye ni ɗanye. Ga shi kuma yana dunƙule babban yatsa cikin hannu. Ni hannuna a sake yake." Ya ɗago ya dube ta. "Ƙafafun nawa ne, na yarda. Sauran ba ni ba ne."

Ta karɓi littafin. Ta duba, sai ta ji sanyi ya ratsa ta tun daga tafin ƙafa.

Yaya ne. Haka yake yi duk zagaye, in ya zo daidai inda Baba yake tsaye da agogo sai ya juyo ya dube shi. Tana 'yar shekara goma sha shida take zama a matakin nan na huɗu tana riƙe masa gorar ruwa. Ashe wata takwas idonta yana kan Zalɓe, hannunta yana can shekara goma sha ɗaya baya, kuma da yake ba a zana fuska, ba wanda ya lura, har ita.

"Yayanki ne, ko?" ya tambaya a hankali.

Ta gyaɗa kai.

"Allah ya jiƙansa." Ya yi wata dariya mai ciwo. "Ka ji ni da wauta. Na rubuta takarda zan bar gudu saboda ke. Ashe in na bari ba abin da zai rage min a wajenki."

"Kar ka ce haka! Wallahi ina son ka!"

"Na san kina son wanda yake gudu a filin nan. Ni dai ban san ko ni ne ba."

"Kai ne! Kai ne wanda ya tsaya cikin ruwan sama yana rufe min takardu da rigarsa. Kai ne kake kawo min ƙasa a kwalba kana ce min tsaraba ce. Yaya bai taɓa…" Kuka ya ci ƙarfinta.

Idonsa shi ma ya kaɗa ya yi ja. Ya miƙe ya rataya jakarsa.

"Ba fushi nake ba, Auta. Tsoro nake ji. Ki zana ni sau ɗaya, ni kaina, ko da mummuna ne. In hannunki ya ƙi, to ki ba Likita amsarsa, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Ya sauka matattakalar. Ta bi shi da ido har ya fita ƙofar fili, kuma gaskiyarsa, ko sau ɗaya bai juyo ba.

Shugaba, wadda ke bayansu tana yin kamar tana ƙirga fensira, ta zo ta zauna kusa da ita. Matar aure ce mai 'ya'ya uku, digiri na uku take yi a fannin shari'a, bakinta kuwa ba linzami.

"Kin gama kukan, ko in je in dawo?"

"Anti, na shiga uku."

"Ba ki shiga ko ɗaya ba. Matsalarki takarda kike kallo. Kallo ɗaya kike masa ki sunkuya, to me hannu zai yi? Sai ya zana abin da ya haddace. Gobe da sassafe dogon naki yana gudu shi kaɗai. Ki same ni a nan, kuma ki zo da ido, ki bar hawayen a ɗaki."

Washegari rana ba ta gama fitowa ba suna matattakala. Raɓa ta kwanta a kan ciyawa, filin ya yi fari-fari, can nesa Zalɓe yana zagaye kamar mai tafiya a kan ruwa. Shugaba ta cire ɗan mayafinta ta rufe allon da hannun Auta gaba ɗaya.

"Hannunki yana ƙarƙashi, idonki yana kansa. In kika leƙa, sai na karya fensirin."

Ta hura usur.

Auta ta dube shi, irin kallon da ba ta taɓa yi masa ba. Sai ga abubuwa suna fitowa. Ashe gwiwar hannunsa ta hagu a buɗe take, tana fita waje kamar fiffike. Ashe yana ɗan sunkuyar da kafaɗa kamar mai neman afuwar tsawonsa. Ashe bakinsa a buɗe yake gudu, haƙora a waje, ba ko kyan gani. Wuyan nan kuwa a miƙe yake sak, idonsa yana can gaba inda ba kowa. Ta ji wani abu ya cika mata ƙirji, mai ɗumi, wanda ba ruwansa da mataki na huɗu ko gorar ruwa. Fensir yana ta tafiya a ƙarƙashin mayafi, ita ba ta ma san yana yi ba.

Usur ya ƙara. Shugaba ta yaye mayafin, ta duba, ta tuntsire da dariya.

"Innalillahi! Wannan ai mugunta ce. Ƙafa ɗaya ta fita daga takarda." Ta share ƙwallar dariya. "Amma ko a duhu na ga wannan, na san wane ne."

Ranar Asabar da hantsi aka buɗe baje kolin a babban zauren kwaleji. Wata dokar ƙungiyar ita ce ba a rubuta suna a jikin zane, lamba kawai ake sawa, wai don a yabi aiki ba mai aiki ba. Kowa guda biyu ake ba shi dama ya rataya. Auta ta rataya nata a lungun ƙarshe kusa da taga, ɗaya daga tsofaffin, ɗaya na jiya. 'Yan ƙungiyar gudu su suka ɗauko allunan da kujeru, don haka suna tsaye a baya cikin rigunansu. Zalɓe yana cikinsu, takardar nan tana leƙowa daga aljihunsa. Bai ƙarasa lungun ba tukuna, ita kuma ta kasa kiransa.

Tana cikin jera kujeru ta ji Shugaba ta zungure ta.

"Ke, waɗancan ba naku ba ne?"

Ta juya. Likita ne a gaba cikin fararen kaya, Mama a bayansa, sannan Baba, yana tafe a hankali yana kallon ƙasa. Shekara goma sha ɗaya!

"Ranki ya daɗe," in ji Likita yana murmushi. "Na ce wa Baba ba zai yiwu a yi bikin aikinki ba ya nan. Da ƙyar na shawo kansa. Ta ƙofar baya na shigo da su, don kada mu bi ta wajen fili."

Ta durƙusa ta gaishe su. Da ta san Baba zai zo, ko kusa ba za ta rataya tsohon zanen nan ba.

"An ce ba a sa suna," Likita ya ci gaba. "Ni ba na buƙata. Wanda ya san mutum ya san hannunsa."

Ya ja Mama zuwa gaban wani ƙaton zanen furanni ja da rawaya, ya harɗe hannu a baya.

"Ga shi nan. Mama, dubi natsuwa, dubi tsari. Mai karatun tsirrai kaɗai za ta yi wannan. Ofishina zan kai shi, duk mara lafiyan da ya shigo in ce masa aikin iyalina ne."

"Allah sarki, na gode ƙwarai," in ji Shugaba daga bayansa. "Sai dai ka fara tambayar maigidana, don shi na yi wa alkawarinsa."

'Yan gudu suka fashe da dariya a baya. Likita ya gyara wuyan riga, ya ce ai hannun ne ya yi kama.

Auta ba ta yi dariya ba, don ta nemi Baba ta rasa. Can ta hango shi a lungun ƙarshe kusa da taga, a tsaye ƙiƙam. Ta taka da sauri, Mama na biye da ita.

Ya zaro gilashin aikinsa daga aljihu, ya sa a ido, ya matsa dab da tsohon zanen kamar mai duba cikin agogo. Ya bi kafaɗar, ya bi hannun da aka dunƙule, ya tsaya a kan wuyan da ya juya. Sannan ya dubi gefen takardar na dama, inda mai gudun yake kallo, inda ba a zana komai ba.

"Ni yake kallo," ya ce, muryarsa can ƙasa. "A nan nake tsayawa."

Mama ta toshe baki da mayafi.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Auta. "Ban san za ka zo ba. Bari in sauke shi."

"Bar shi." Ya cire gilashin, hawaye na bin gemunsa. "Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba, ke da mahaifiyarki. Ranar, a zagaye na takwas, da ya juyo ya dube ni, na ga fuskarsa ba daidai ba. Na gani da idona. Amma agogo ya nuna yana baya da daƙiƙa uku, sai na ɗaga masa hannu na ce ya ƙara wuta. Da ni ba na wurin, da ya tsaya."

"Haba Malam!" Mama ta fashe da kuka. "Shekara goma sha ɗaya kana ɗauke da wannan kai kaɗai? Kwanansa ne ya ƙare!"

"Na sani. Bakina ya sani, zuciyar ce ta ƙi ji."

Zauren ya yi tsit. Likita ya matso yana cewa Baba ya zauna saboda jininsa, Baba ya ɗaga masa hannu ya dakata. Ya goge fuska, ya nuna tsohon zanen.

"Wannan nawa ne." Sannan ya juya ga na kusa da shi, mai gwiwar hannu a waje da ƙafa ɗaya da ta fita daga takarda. Ya daɗe yana kallo. "Wannan mummunan fa?"

Auta ta ji duk idon zauren a kanta. Ta san Likita yana ji, ta san gobe Lahadi. Ta sunkuyar da kai.

"Wannan nawa ne, Baba."

Ba ta san Zalɓe ya matso ba sai da ta ji wani ya ja numfashi a bayanta. Yana tsaye yana kallon zanen, bakinsa a buɗe kamar yadda ta zana shi, idonsa cike da ƙwalla. Da ya ga Baba ya juyo, sai ya zube ƙasa.

"Kai ne wannan?"

"Ni ne, Baba." Ya zaro takardar ya miƙa da hannu biyu. "Na rubuta zan bar gudu. Yau zan ba koci."

Baba ya karanta har ƙarshe. Ya ninke ta yadda take, ya sa a nasa aljihun.

"Wannan ta zauna a wajena. Likita!"

"Na'am, Baba."

"Ranar Litinin ka duba min zuciyar yaron nan, ciki da waje. Na yarda da aikinka, na kuma san kai mai tsoron Allah ne. Maganar gobe kuma, ka ba mutanenka haƙuri, ni zan zo da kaina in yi musu bayani."

Likita ya dubi Auta, ya dubi zanen furannin da ya yaba, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "To, Baba."

Sai Baba ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohon hankici. Auta ta gane shi tun kafin ya gama warwarewa. Agogon awon gudu ne, wanda suka ɗauka ya daɗe da jefarwa. Hannun agogon yana nan a tsaye inda ya tsaya, minti goma sha ɗaya da daƙiƙa huɗu. Mutumin da ya tayar da agogon rabin gari, ashe kullum yana yawo da wannan a ƙirji bai taɓa shi ba.

Ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin. Ya danna, hannun agogon ya koma farko. Ya murɗa shi sau uku, ya sake dannawa, ya kai kunne. A shirun zauren har Auta ta ji bugunsa.

Ya dubi Zalɓe. "In Likita ya ce lafiyarka ƙalau, ƙarfe nawa kuke farawa ranar Alhamis?"

"Ƙarfe huɗu da rabi, Baba."

"Zan zo. Amma da sharaɗi ɗaya, ka buɗe kunne ka ji." Baba ya sunkuya ya kama kafaɗarsa. "Duk abin da agogon nan ya nuna, kada ka kuskura ka juyo ka dube ni. Gabanka za ka kalla. In ka ji jikinka ya ce tsaya, ka tsaya."

Hawaye suka zubo wa Zalɓe. Auta ce ta amsa wa Baba, tana dariya tana kuka lokaci guda.

"Ba ya juyowa, Baba. Na duba."